Hoton da Ba a Rataya wa Fure

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar bas ta garinmu, nan arewacin Siri Lanka kan hanyar Jafna, ya ga Kanagam ko da bai san sunanta ba. 'Yar siririyar dattijuwar nan ce ta gindin katangar haikalin Murugan, faifan fure a cinya, zaren ɓawon ayaba rataye a wuya, baki kuwa ba ya hutawa. Tana kallon fuskarka tana ba ka labarin wanda matarsa ta kore shi, yatsunta suna can ƙasa suna ƙulla fure bayan fure, kamar ba nata ba.

Kakarta ce ta koya mata sana'ar tun ba ta gama famfara ba. Tsohuwar ba ta san haƙuri ba. In ƙulli ya yi sako-sako, mintsini. In ya yi tsauri har ya ƙuje wuyan fure, nan ma mintsini. Da cinya duk tabo Kanagam ta iya sarƙar fure iri-iri, tun daga mai nauyin nan ta amare da ke sauka har gwiwa, zuwa 'yar gajeriya ta gashin mata, da ta tarbar babban baƙo. Amma wadda ta fi ciniki a garinmu ita ce wadda ake rataya wa hoton wanda ya riga mu gidan gaskiya, don yaƙi bai bar gidan da bai leƙa ba.

Mijinta Welu mai hawan giginya ne, mutum mai dariya kamar ana fasa kwakwa. A hanya ya mutu, lokacin gudun hijirar ƙarshe. Ita ta rufe masa ido, ita da ɗansu Tayalan suka tona masa rami da kwanon abinci. Mutuwa ce da ta gani da idonta, saboda haka ba ta da gardama da ita. Kullum safiya sarƙar farko ta Welu ce. Ta rataya wa hotonsa, ta kunna masa 'yar fitila, ta ce, "Ga naka nan, malalaci. Kana kwance ana yi maka bauta."

A gefensa akwai ƙusa ta biyu, da hoton Tayalan a kai. Wannan babu fure, babu fitila. A wurinmu ba a sa wa hoton mai rai fure, ko yaron goye ya san haka.

Tayalan gyaran keke yake yi da injin ban ruwa, a wata 'yar rumfa bayan kasuwa. Yaƙi ya ƙare, mutane sun fara gyara jinka, kowa na cewa an huta. Ran nan da rana tsaka wata farar mota marar lamba ta tsaya a bakin rumfar. Mutum biyu suka fito, suka ce tambaya ɗaya ce, yanzu zai dawo. Da aka kirawo Kanagam ta zo a guje, ta tarar da tiyub ɗin da yake neman hudarsa yana nan cikin kwanon ruwa, mai keken kuma yana tsaye ya rasa ko ya jira ko ya tafi. Ta bi ofis-ofis har takalminta ya cinye. Ko'ina amsa ɗaya ce: ba mu ɗauke shi ba, ba mu san shi ba, ko dai ya tsallaka teku ne bai gaya miki ba?

Shekaru suka ja. Sai wani mutumin ƙauyen gabas mai suna Sinnarasa ya dawo gida bayan an daɗe da cire rai da shi, yana jan ƙafa, rabin haƙoransa babu. Mata suka yi dafifi a ƙofarsa, kowace da hoto. Bai san inda aka ajiye shi ba, ɗakin ba shi da taga. Ya daɗe yana kallon hoton Tayalan, sannan ya ce fuska dai bai gani ba, amma akwai wani da ake fitarwa ya gyara musu injin ruwa in ya lalace, kuma maganarsa irin ta mutanen wajenmu ce. Kanagam ta zube ƙasa ta kama ƙafarsa. Shi kuwa ya sunkuyo ya ƙara mata da wata maganar, a hankali, yana waige.

Ya ce a can, mai gadi kan zo ya tsaya a bakin ƙofa ya kira sunan mutum ya ce, "Kai, mutanenka sun sa maka fure, sun kunna maka fitila. To kan me muke ciyar da kai?" Da safe sai a ga tabarmar wannan babu kowa.

Ko gaskiya ce, ko tsoron da ya sha ne ya haifar masa da ita, babu mai iya cewa. Bai yi wata guda a gida ba ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar. Amma maganar ta shiga Kanagam ta zauna. Tun daga ranar, matar da ke wuni cikin fure ta zama mai tsaron hoto ɗaya daga fure. In za ta taɓa shi sai ta wanke hannu har gwiwa. In za ta fita da shi sai ta naɗe shi a tsohon zane, a jaka dabam, kada ko ɓarɓashin fure ya faɗa masa. A ganinta ran ɗanta yana rataye ne a wannan katakon hoton, muddin yana nan tsirara.

Inda take kai shi kuwa ita ce rumfar iyaye mata masu neman waɗanda aka ɗauke musu, da ke bakin babban titi. Kwano ne da 'yan sanduna, mata suna zaune a tabarma, kowace ta rungume hoton nata. In ciniki ya lafa da hantsi Kanagam takan rufe faifai ta tafi can. Ƙawarta a wurin Rasamma ce mai sayar da kifi, ƙatuwar mace mai murya kamar ta kwandastan bas. Ita mijinta aka ɗauke, kuma har yau jan ɗigon matan aure na nan a goshinta, wanda ya isa ya ce ta goge. Akka, wato Yaya, take ce wa Kanagam, don ta girme ta.

Jakadun ƙasashen waje suna da lokacinsu kamar tsuntsayen damina. Da an ce taron kare haƙƙin ɗan Adam na Janiba ya gabato, sai ka ga manyan motoci masu 'yar tuta a hanci suna tsayawa a bakin rumfa. Su fito suna share gumi, su zauna a kujerar roba, su saurara da kai a karkace, su tafi. Kwana biyu sai a karanto wa mata abin da ofishinsu ya fitar.

"Wannan wace iri ya kawo?" in ji Rasamma. "Damuwa zalla, ko mai zurfin?"

"Mai zurfin ce," wata ta amsa.

"Madalla. Ku zuba min a kwando, gobe in haɗa da kifi in kai kasuwa."

A yi dariya. Amma in an ce wani na tafe, ita ce ta farko wajen wanke sarinta mai kyau, zanenta na fita kunya. Don ana faɗin cewa wani jakada ya taɓa kiran sunan wani yaro a gaban manya a Kolombo, babban birni, kuma ba a yi wata ba aka ga yaron a bakin titi, a rame amma da ransa. Babu wadda ta san yaron ko uwarsa. Labarin dai ya ishe su su wanke sari.

Akwai kuma mutumin da ba ya fashin zuwa, ko da jakada ko babu. Yakan zauna a shagon shayi na tsallaken titi da waya a hannu. Ya gaya wa mai shayi suna ɗaya, ya gaya wa mai wanki wani, don haka mata suka sa masa Mai Farin Takalmi. Yarenmu yake yi tsaf, sai dai harshensa kan zame a wasu wurare, ka gane ba nan aka haife shi ba. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Wannan ne ma abin da ya fi ba da tsoro.

Ana saura 'yan kwanaki wata jakadiya ta zo, sai ga shi a gindin katangar haikali. Ya tsuguna a gaban faifan Kanagam kamar ɗan gida.

"Inna, ina kwana? A ba ni na gashi, matata ta ce naki ya fi daɗewa bai yi yaushi ba."

"Lafiya lau, Yallaɓai." Ta yanko ta naɗe masa a ganye.

"Na ji za ku yi baƙuwa."

"Haka na ji ana faɗa."

"Waɗannan mutane, Inna, su zo su sha ruwan kwakwa su hau jirgi. Mu da ke ne a garin." Ya shinshina furen. "Ni tausayinki nake ji. Kin sa wa 'ya'yan kowa fure, naki yana rataye haka kamar maraya. Ki sa masa mana, ki huta, shi ma ya huta."

Ta ɗago ta dube shi, ta mai da kai ƙasa da sauri. "Ya huta a ina, Yallaɓai?"

Ya yi murmushi. "Ni ina na sani? Magana ce dai." Ya miƙe ya kaɗe gwiwar wandonsa ya tafi.

Ranar ba ta iya cin abinci ba. Shinkafar da ta dafa da miyar kwakwa kare ta juye wa. Me ya sa ya ce shi ma ya huta? Wanda ya mutu ai ya riga ya huta. Ke nan yana da rai? Ko kuwa so suke ta ba su izini da hannunta? Ta juya maganar ta kowane gefe, kowane gefe da ƙaya.

A rumfa aka zauna shawarar tarba. Rasamma ta ce wannan karon mace ce, kuma an ce ƙasarta tana da baki a Janiba, don haka a yi mata abin da ba a yi wa na baya ba.

"A sa mata fure, irin na minista. Ta san ta zo wurin mutane, ba mabarata ba. Akka, wannan aikinki ne."

"Ni ba na son fure a rumfar nan, kin sani."

"Haba Akka! A wuyan Baturiya za ki sa, ba a bango ba. Ko tsoro kike kada ta fi ki kyau?"

"Ke dai ki yi wanka ranar, kada ƙarninki ya kore ta tun daga mota."

Aka bushe da dariya, magana ta zauna. Babu wadda ta ga abin tsoro a ciki, don kowa ya san yadda ake yi: a rataya wa babban baƙo, ya ɗan bar ta a wuya, ya cire don nuna tawali'u, ya miƙa wa na bayansa ya riƙe. Haka minista ke yi, haka shugaban makaranta ke yi. Ba ta faɗo wa kowa a rai ba cewa akwai mutum a duniya da bai san wannan ba.

Kanagam ta zuba gwaninta. Farin fure mai ƙanshi ta jera sahu-sahu, ta raba da ja, ta yi mata tuntu a ƙasa. Zaren ma ta ninka shi, kada ya tsinke a gaban baƙi a ji kunya.

Ranar ta zo da zafi. Motoci suka tsaya wajen azahar. Jakadiyar doguwa ce, gashinta fari kamar auduga, fuskarta ta yi ja don rana. Ta cire takalmi kafin ta hau tabarma, abin da ya sa Rasamma ta zunguri ta kusa da ita. Tare da ita akwai tafinta, wani saurayi ɗan Kolombo mai tabarau, da masu tsaro biyu, da 'yan jarida. A tsallaken titi Mai Farin Takalmi ya bar shayinsa ya matso har bakin kwalta.

To ga inda abin ya faru. Sarƙar tana da nauyi, sai da hannu biyu. Kanagam kuwa ba ta yarda hoto da fure su haɗu a jikinta. Ta duba wadda za ta riƙe mata, kowace hannunta da nata hoton. Sai ta jingina Tayalan a kan ɗan teburin da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle don ruwan baƙi, ta ce a ranta yanzu-yanzu za ta ɗauke shi. Ta yi ɗage, jakadiya ta sunkuyo, fure ya sauka a wuya. Aka tafa.

Jakadiya ta haɗa tafukanta ta yi godiya. Ta ɗan bar sarƙar, sannan ta cire, da alama an koya mata wannan. Ta ce wani abu, tafinta ya juya: "Ta ce ba ita ta cancanci wannan ba. Ta ce waɗanda kuke jira su suka cancanta."

Mata suka gyaɗa kai, magana ta yi daɗi. Kanagam ma ta gyaɗa. Ba ta ankara ba sai da ta ga doguwar matar ta juya wajen tebur, ta sunkuya a hankali cikin girmamawa, ta rataya wa hoton Tayalan sarƙar, har tana gyara tuntun ya zauna daidai a tsakiya.

Wata tsohuwa a baya ta ce "Wayyo" can ƙasan maƙoshi. Tafinta ya buɗe baki ya kasa rufewa. Masu ɗaukar hoto kuwa aikinsu suke, ƙyas, ƙyas. Kanagam tana tsaye tana kallo. Ga ɗanta nan cikin farin fure da ja, a kan farin ƙyalle, ya yi kyau irin na matattu. Da wutsiyar ido ta hango hannun Mai Farin Takalmi a sama, da waya.

Ihun da ta yi, mai shayi ya ce har kofi ya suɓuce masa. Ta yi tsalle ta fizgi sarƙar. Zaren da ta ninka da hannunta ya ƙi tsinkewa, ya jawo hoton gaba ɗaya, ya faɗi ƙasa gilashin ya tarwatse. Ta durƙusa a kan fasassun tana yayyage furen tana watsarwa, tana hure fuskar hoton, tana gogewa da bakin sarinta.

"Da ransa! Da ransa! Ban sa masa ba, ku shaida ba ni na sa ba!"

Masu tsaro suka yo gaba. Rasamma ta tare su da faɗin jikinta. "Ku taɓa ta ku gani! Kai kuma mai tabarau, gunki ne kai? Gaya mata abin da ta yi!"

Tafinta ya matsa kunnen jakadiya yana magana da sauri. Jan fuskarta ya zube, ta koma fara fat. Ta dafe bakinta. Sannan ta durƙusa ita ma, nan kan tabarma, gwiwarta kusa da gilashi, tana ta maimaita kalma ɗaya.

"Tana ba ki haƙuri, Inna," in ji tafinta. "Ta ce ba ta sani ba. Ta ga hotuna da fure a gidajen da ta shiga, ta ɗauka alamar ƙauna ce."

Kanagam ba haƙuri take nema ba. Ta kama hannun matar da yatsunta masu jini, ta nuna tsallaken rumfa ba tare da ta kalli wurin ba.

"Ce mata ta faɗa. Da ƙarfi, wancan ya ji. Ta ce Tayalan yana da rai."

Tafinta ya juya. Jakadiya ta ɗago kai. Ta dubi 'yan jarida, ta dubi wani mutum mai jaka da ke bayanta, shi kuwa ya ɗan girgiza kai. Ta yi magana a hankali.

"Ta ce ba za ta iya faɗin abin da ba ta sani ba."

"Ta iya sa masa fure ba ta sani ba!" Rasamma ce ta jefo wannan daga sama.

Ko tafinta ya juya wannan ko bai juya ba, jakadiya ta gane. Ta miƙe tsaye. Ta tambayi sunan, aka faɗa mata, ta gwada, harshenta ya karya shi biyu, ta sake gwadawa. Sannan ta fuskanci titi ta ɗaga murya, tafinta yana bin ta:

"Ta ce ba ta ga wata shaida ba cewa Tayalan ya mutu. Ta ce za ta tambayi hukuma inda yake."

Iyakar abin da aka samu ke nan. Mai jaka ya dubi agogo, ya ce ana jiransu a wani gari. Sauran mata ba su ko samu faɗin nasu ba, wasu har suka bi Kanagam da harara. Motoci suka tashi. Da ta waiga bakin kwalta, Mai Farin Takalmi ba ya nan, kuma babu wadda ta iya cewa ko ya tsaya ya ji maganar ƙarshe.

Rasamma ta raka ta gida, ta ɗaure mata yatsu da tsumma da kurkum.

"Laifina ne, Akka. Ni da shegen bakina."

"Ni na ajiye shi a tebur."

"Ai kin cire. Kowa ya ga kin cire. Ko ƙiftawar ido bai yi ba."

"Hoto ba ya sanin ƙiftawar ido, Rasamma."

Washegari ta fita sana'a don zaman ɗaki ya gagare ta. Yatsu a ɗaure, ƙulli yana ta kwancewa. Hantsi bai ɗaga ba ta ga fararen takalma sun tsaya a gaban faifanta.

"Inna, sannu da jiya. Kin ji ciwo?" Ya tsuguna, ya latsa wayarsa, ya juyo mata da ita. "Dubi. Ni ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba."

Tayalan ne cikin fure, jakadiya ta haɗa hannu a gabansa kai a sunkuye. A gefe kuma ga ita kanta Kanagam a tsaye, tana kallo, ba ta hana ba.

"Akwai na bayansa," ta ce. "Na cire. Ka gani da idonka na cire."

"Ayya, wayar tawa ta cika, Inna. Wannan kaɗai ya shiga."

"Wa za ka nuna wa?"

"Ni ɗan aike ne. Abin da na gani nake kaiwa." Ya mai da wayar aljihu. "Yau ba na sayen fure, na jiya da ke cikin wayar nan bai bushe ba."

Da yamma aka karanto sanarwar ofishin jakadanci a rumfa. An gana da iyalai, an ji kokensu, ana nuna damuwa, ana kira ga hukuma ta ba da amsa. Babu sunan Tayalan. Rasamma ta buɗe baki za ta yi barkwancinta na kwando, ta dubi fuskar Kanagam, ta haɗiye. Tafinta ya bugo wa shugabar rumfa waya ya ce jakadiya ta ambaci sunan a wata ganawa ta sirri, kuma an ce mata za a duba. Wataƙila haka ne. Amma maganar sirri a Kolombo ba ta da ƙafar da za ta riga hoton waya isa inda za shi.

Kanagam ta yi lissafinta irin na uwa. Hoton nan zai shiga wani gida, wani zai gani, wani zai gaya wa wani, har ya kai ga mai riƙe da mabuɗi. Ba ta san inda ɗakin marar taga yake ba. Amma ta san ƙofar da Mai Farin Takalmi ke shiga. Tana bayan gidan mai, doguwar katanga da baƙin ƙyauren ƙarfe, babu allo babu suna. Mutanen garinmu ko awaki ba sa bari su yi kiwo ta wajen, masu keke kuma gara su zagaya ta bayan kasuwa.

Da safe ta kai wa wata 'yar ƙanwar Welu faifan da sauran zaren, ta ce ta ci gaba da zama a gindin katanga. Ta wanke hannu har gwiwa. Ta ɗauki hoton yadda yake, babu gilashi, da ɗan tabon jininta a kusurwa.

Rasamma ta tare ta a hanya da kwandon kifi a ka. "Ina za ki, Akka? Rumfa ai nan ce."

"Bayan gidan mai."

Kwandon ya kusa faɗuwa. "Kin haukace? Wurin da ko kare ba ya bi?"

"An kai musu mai fure. Sai su ga marar fure, kullum, har su gaji."

"In suka ja ki ciki fa?"

Kanagam ta ci gaba da tafiya, ita ma tambayar ke nan da take ta yi wa kanta tun da ta fito. Rasamma ta bi ta har kwanar gidan mai, nan ƙafarta ta tsaya. Ba wanda zai ga laifinta, tana da jikoki a gida.

Kanagam ta ƙarasa ita kaɗai. Ta tsaya a ɗaya gefen hanya, daidai ƙyauren, inda babu ko inuwa. Ta ɗaga hoton daidai ƙirji, fuskarsa na kallon ƙofa. Wani ido ya leƙo ta 'yar kafar ƙyauren, ya daɗe, ya ɓace. Ta ji ana magana a ciki, ta ji an yi dariya. Ba ta sauke hannu ba.

Can sai ƙarfe ya yi ƙara, ƙyauren ya fara buɗewa. Hancin wata mota ya leƙo, gilasanta baƙaƙe wuluk, ba ka ganin ko mutum nawa ne a ciki. Ta fito a hankali, ta karyo ta gefen da Kanagam take, ta rage gudu har kamar za ta tsaya. Duk jikin dattijuwar ya ce mata ta ruga. Ta taka ƙasa da ƙarfi, ta ɗaga hoton sama da kanta da hannu biyu, ta matsa da shi kusa da baƙin gilashin, yadda ko wane ne a ciki zai ga katakon sama da ƙasa, ya ga babu komai a jikinsa.

Motar ta daɗe a gabanta, injin na kaɗawa. Sannan ta ja ta tafi. Ƙyauren ya rufe, idon nan ya dawo kafarsa. Kanagam ta gyara tsayuwa, ta share tafin hannu ɗaya a sari, ta share ɗayan, ta sake ɗaga ɗanta.